Takardun NEPU, Jami'o'i da Gidajen Malamai: Su Wa Ke Riƙe da Shaidar Tarihin Arewa?

Duk wanda ya tashi rubuta tarihin jam'iyyar adawa ta NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, zai ci karo da abin da ya daɗe yana damun masu bincike, wato mafi yawan takardun da suka rage game da jam'iyyar abokan hamayyarta ne suka rubuta su. Rahoton ɗan sandan da aka tura ya saurari lacca, da wasiƙar Di'o zuwa ga Razdan, da hukuncin kotun alƙali a kan wanda aka kama ya tara jama'a ba tare da izinin En'e ba, su ne aka ɗinke cikin fayil, aka ba su lamba, aka jera a kan kanta. Littafin rajistar 'yan jam'iyya na wani reshe a ƙauye kuwa, da rasidin kuɗin kati, da abin da aka tattauna da dare a shagon tela ko zauren mahauci, kaɗan ne ƙwarai suka isa wata ma'adana. Takarda tana wanzuwa ne inda akwai akawu mai albashi da ɗaki mai makulli da dokar da ta hana a zubar da ita, kuma a wancan zamanin hukuma ce kaɗai ta haɗa waɗannan abubuwa uku.

Ma'adanar gwamnati a Nijeriya ta samo asali ne daga binciken da masanin tarihi Kenneth Dike ya yi tsakanin 1951 da 1953 kan halin da tsofaffin takardun hukuma suke ciki. Rahotonsa ya sa aka buɗe ofishin adana takardu a 1954, aka yi masa doka a 1957, sannan aka kafa manyan rassa uku a Ibadan da Inugu da Kaduna. Reshen Kaduna shi ne ya gaji fayilolin sakatariyar lardunan Arewa, waɗanda masu bincike suka sani da haruffan SNP, da na ofisoshin larduna irin su Kano da Sakkwato da Zariya. A cikinsu akwai rahotannin ƙidayar haraji da jangali, da rikicin iyaka tsakanin gundumomi, da naɗi da tuɓe hakimai, da ƙorafe-ƙorafen talakawa. Dokar 1992 da ake aiki da ita yanzu ta tanadi a buɗe takardun gwamnati ga jama'a idan sun kai shekara 25. Babu mai musun darajar wannan taska, domin ba don ita ba da tarihin ƙarni na 20 a Arewa ya zama zato da jita-jita. Sai dai mai karanta ta yana kallon al'umma ne ta idon mai karɓar haraji da mai tsaron oda, kuma wanda bai ja hankalin waɗannan biyun ba da wuya sunansa ya bayyana.

Ita kanta taskar hukumar ba cikakkiya ba ce. A 2011, sakamakon ƙarar da wasu dattawan Kenya suka shigar a Landan kan azabtarwar da aka yi musu lokacin tawayen Mau Mau, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa tana riƙe da dubban fayiloli a wani wuri da ake kira Hanslope Park, waɗanda aka kwaso daga tsofaffin yankunan mulkin mallaka 37 gab da ba su 'yanci, kuma Nijeriya na cikinsu. An kuma tabbatar da cewa a wurare da dama an ƙone wasu takardun da gangan kafin a miƙa mulki. Ke nan tun kafin fayil ya isa hannun mai bincike a Kaduna, an riga an tace abin da zai gani.

Ƙarancin takardun 'yan gwagwarmaya yana da dalilai da suka wuce sakaci. Ga ɗan NEPU na shekarun 1950, katin jam'iyya ko jerin sunayen 'yan reshe shaida ce da za a iya kafawa a kansa a gaban alƙali, saboda haka ɓoye takarda ko ƙone ta wani lokaci shi ne hankali. Mutanen da ake kora daga gari, ake ɗaurewa, ake rushe musu sana'a, ba su da halin tattala akwatin takardu daga wannan gidan haya zuwa wancan. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta rasu a 2001, an ɗaure ta sau da yawa, kuma abin da aka sani na rayuwarta ya fi fitowa daga hirarrakin da aka yi da ita daga baya. Ban da wannan, babban ɓangare na saƙon jam'iyyar da baki aka isar da shi, ta hanyar lacca da waƙa, kuma ko abin da aka rubuta ɗin sau da yawa da ajami ne a kan 'yar takarda da ke yawo daga hannu zuwa hannu har ta yage. Waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, da na Mudi Sipikin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar, sun tsira ne domin mutane sun haddace su kuma an buga wasu. Na mawaƙan rassa da ba su yi suna ba sun bi masu su. Da sojoji suka haramta jam'iyyun siyasa a 1966, ofisoshin da za su iya riƙe sauran takardun ma sun rufe.

Akwai wani abu mai muhimmanci da mai bincike yake koya a hankali: muryar 'yan adawa takan tsira a cikin fayil ɗin hukumar da suke adawa da ita. Takardar koke da wani reshe ya aika wa Razdan kan cin zalin wani dagaci, ko fassarar jawabin da ɗan rahoto ya naɗo, suna nan a maƙale a bayan wasiƙar jami'in da ya yi watsi da su. Ana iya ciro gaskiya daga irin waɗannan takardu, amma da sharaɗin a tuna cewa hukuma ta ajiye abin da ta ga barazana ne, kuma mai fassarar da ya juya Hausar mai lacca zuwa Turanci yana da nasa dalilin ƙara gishiri ko rage shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a nan mai waƙar ba ya nan.

A Jamhuriyar Nijar giɓin ya fi faɗi. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta nemi a kaɗa ƙuri'ar "a'a" a zaɓen raba-gardama na 1958 kan ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa, an haramta ta a 1959, kuma bayan yunƙurin tawayen 1964 gwamnatin Diori Hamani ta murƙushe ta da kisa da ɗauri. 'Ya'yanta da dama sun tsallako Kano da sauran garuruwan kan iyaka, inda 'yan NEPU suka ba su mafaka. Wanda ke son bin sawun wannan alaƙa sai ya haɗa rahotannin leƙen asirin Faransa da fayilolin Yamai da na Kaduna, sannan ya dogara ga tunanin tsofaffin da suka rage, domin ƙungiyar da ke aiki a ɓoye ba ta barin rajista.

Jami'o'i ne suka fara yunƙurin cike wannan giɓi, kuma yabon da ya kamata a yi musu a nan mai yawa ne. A 1964 aka fara shirin binciken tarihin Arewa da haɗin gwiwar Jami'ar Ibadan da Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya riƙa bin gidajen malamai yana ɗaukar hoton littattafan Larabci da ajami, kuma a wannan shekarar John Hunwick ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Ibadan. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci kafa Arewa House a harabar gidan Firimiyan Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, kuma daga baya cibiyar ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Kano, gidan jagoran NEPU Malam Aminu Kano da ke Gwammaja, wanda aka fi sani da Gidan Mambayya kuma a cikinsa kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1983, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. A Yamai, littattafan da Boubou Hama ya tattara su ne tushen sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH da ke ƙarƙashin Jami'ar Abdou Moumouni. Abin lura ne cewa gidajen jagororin manyan ɓangarori biyu na siyasar Arewa, NPC ta Sardauna da NEPU, duk sun ƙare a hannun jami'o'i, kuma a ganina hakan alheri ne, domin jami'a ta fi jam'iyya ko gwamnatin jiha tsawon rai da juriyar canjin iska.

Amma mayar da gidan shugaba cibiya ba daidai yake da adana tarihin ƙungiyarsa ba. Gidan tarihi yana nuna wa baƙo gadon shugaba da tufafinsa da hotunansa, yana kuma karɓar lacca ta shekara-shekara, ma'adana kuwa aikinta a bayan fage yake, kuma ba ta da abin da za a yanke wa ƙyalle. Idan kuɗi ya samu, zauren taro ne ke fara cin moriya, domin shi ake gani kuma shi ke kawo haya. Haɗari na biyu shi ne tarihin ƙungiya ya tattare ya zama tarihin mutum ɗaya. NEPU ta ƙunshi teloli da mahauta da 'yan koli da ƙananan malamai da mata a ɗaruruwan garuruwa, kuma takardun Malam, komai yawansu, ba za su gaya mana yadda aka tafiyar da reshen wani ƙauye a ƙasar Haɗeja ko Katagum ba. Haka ma zamanin PRP, jam'iyyar da ta gaji NEPU, da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, da soke haraji da jangali, da tarzomar 10 ga Yuli 1981 da aka kashe Dakta Bala Mohammed, mai ba Gwamna Rimi shawara, aka ƙone gine-ginen gwamnati a Kano, duk al'amura ne da shaidunsu ke raye har zuwa kwanan nan, kuma kowace shekara suna raguwa.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi wa jami'o'in ba, wato yadda suke riƙe nasu takardun. Jami'a hukuma ce mai majalisar gudanarwa da majalisar malamai da kwamitin ladabtarwa, sannan fage ce ta gwagwarmaya. A Samaru, harabar Jami'ar Ahmadu Bello, aka harbe ɗalibai a zanga-zangar 1978 kan ƙarin kuɗin abinci da ɗakin kwana, wadda bayanta aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. A nan kuma 'yan sanda suka sake buɗe wuta ranar 23 ga Mayu 1986, aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, kuma har yau ana saɓani kan adadin waɗanda suka mutu. Taron da ya haifar da ƙungiyar mata ta WIN a Jami'ar Ahmadu Bello aka yi shi a 1982. Muhawarar da masanin tarihi Dakta Yusufu Bala Usman da abokan aikinsa suka riƙa tayarwa ta bar takardun taron ƙara wa juna sani da sanarwoyi da aka buga da injin gurzawa a kan takarda mai arha. Fayilolin ofishin magatakarda kan irin waɗannan al'amura suna da inda za su zauna, amma sanarwar da ƙungiyar ɗalibai ta manna a allon ɗakin cin abinci ba ta da mai ita, tun da shugabannin ƙungiyar shekara guda suke yi su wuce, kuma idan aka rushe ƙungiyar ofishinta ake fara kullewa. Matsalar da ta faru tsakanin En'e da NEPU ita ce ke maimaita kanta a cikin harabar jami'a, kuma gyaranta yana buƙatar sashen adana takardu da ke da 'yancin karɓar shaidar da za ta iya ɓata wa hukumar jami'ar rai.

Takardun al'umma sun fi duka yawa, sun kuma fi duka warwatsuwa. A gidajen malamai na Kano da Katsina da Sakkwato da Yola da Barno da Damagaram da Agadas akwai littattafan fiƙihu da tauhidi da waƙoƙi, a tsakankaninsu kuma akwai wasiƙu da takardun bashi da na cinikin gida da gona da laƙanin magani, waɗanda su ne suka fi nuna yadda mutane suka rayu. Yawancinsu warƙoƙi ne da ba a ɗinke ba, ana sa su cikin gafaka, kuma abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar farko ta shafi na gaba da marubuci ke rubutawa a ƙasan shafin da ya gabata. Idan gafaka ta zube aka tattara ta ba tare da lura ba, littafi biyu ko uku sukan cakuɗe. Babban abin da ke wargaza irin wannan taska shi ne rabon gado. Littafi dukiya ne da magada ke da haƙƙi a kai, kuma idan aka raba shi gida biyar, wanda bai yi karatun ba zai iya jefa nasa kason cikin buhu a ɗakin da ke yoyo. Ana iya ganin ƙimar taskar da ba ta rabu ba a littattafan Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, waɗanda sun haura 3,000 kuma yanzu suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Domin suna haɗe, mai bincike zai iya gane abin da malami ɗaya na wancan zamani yake karantawa da koyarwa da kasuwancinsa. Ciwon shi ne Bakanon da ke son ganinsu da idonsa sai ya nemi biza. Shari'a ta riga ta ba da hanyar da za a bi, wato waƙafi, inda malami tun yana raye zai tsayar da littattafansa domin amfanin masu karatu, ta yadda ba za su shiga rabo ba.

Iyalai da yawa ba sa son miƙa takardunsu ga hukuma ko jami'a, kuma bai kamata a ɗauki wannan a matsayin jahilci ba. Wasu sun ba da aro ba a mayar musu ba, wasu sun ga an buga abin kakansu ba tare da an ambaci gidansu ba, wasu kuma suna da takardun asiri ko na nasaba da ba na kowa da kowa ba ne. Abin da ke warware wannan shi ne rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace ko kyauta ce aka bayar ko ajiya ce ta amana da za a iya karɓa, da wanda ke da ikon ba da izinin bugawa, da ɓangaren da za a rufe har zuwa wani wa'adi. Wannan rufewa ta shafi takardun siyasa ma, domin fayil ɗin da ya ambaci wanda ya kai tsegumin maƙwabcinsa ga En'e zai iya tayar da gaba tsakanin jikoki a unguwa ɗaya.

Ɗaukar hoton takardu da kyamara ya sassauta wannan taƙaddama. Shirin ceton takardun da ke cikin haɗari na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya shardanta cewa asalin takarda ba za ta bar ƙasarta ba, kwafi kawai za a ɗauka, a bar wani a hannun wata cibiya ta gida, a kuma sa shi a intanet kyauta. Jami'ar Boston ma ta ɗora rubuce-rubucen ajamin Hausa da dama a intanet. Gobarar da ta cinye ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town ranar 18 ga Afrilu 2021, tare da tarin littattafai da finafinan nazarin Afirka, ta nuna cewa ko jami'a mai wadata na iya rasa abin da ke da kwafi ɗaya tak cikin yini guda. Sai dai hoton da ke cikin kwamfuta yana buƙatar wuta da kuɗin ma'ajiya da mai juya shi zuwa sabuwar na'ura duk bayan 'yan shekaru, kuma idan tallafin waje ya ƙare, kwafin da ke ƙasar waje ne yakan ci gaba da aiki.

Aikin da ya fi kowanne tsayawa, kuma ya fi rashin masu tallafawa, shi ne tsarawa da rubuta jadawali. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce a bar takardun kowane mutum ko ƙungiya a haɗe, cikin jerin da mai su ya bar su, kada a rarraba su bisa maudu'i, domin wasiƙar da ke kusa da wata wasiƙa ita ke bayyana ma'anarta. Daga nan sai a rubuta bayanin abin da ke cikin kowane akwati. Akwatin da ba shi cikin jadawali babu mai neman sa, kuma idan aka sace wani abu daga ciki babu mai sani. A Arewa wannan aiki yana buƙatar wanda ya iya Larabci da ajami da Turancin ofis na zamanin Turawa, sannan ya san sunayen garuruwa da sarautu, kuma irin wannan mutum ya fi samuwa cikin waɗanda suka haɗa karatun zaure da na boko. Kula da jikin takardar kuwa ba ya buƙatar tsada kamar yadda ake zato. Hunturu na busar da ita ta yi ƙarau, damina na kawo laima da fumfuna, gara da kyankyaso da ɓera na ci, tawadar gargajiya ta gawayi da ƙaro tana narkewa da ɗigon ruwa, takardar jarida kuma tana rawaya ta rududduge da kanta. Rufin da ba ya yoyo, da kanta da aka ɗaga daga ƙasa, da akwatin kwali marar sinadarin da ke cin takarda, da hana liƙa salatif a kan yagaggen shafi, sun fi na'urar sanyaya ɗaki da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, domin sauyin zafi da sanyi a kai a kai ya fi zafi mai ɗorewa illa.

Gwagwarmayar yau ta fi ta NEPU barin rubutu, amma rubutun nata ya fi saurin ɓacewa. Kiraye-kirayen a dawo da 'yan matan Chibok a 2014, da zanga-zangar adawa da rundunar SARS a Oktoban 2020, da koke-koken mutanen Zamfara da Katsina kan 'yan bindiga, a Facebook da WhatsApp da Twitter aka yi su, a kan ma'ajiyar kamfanonin da ba su ɗauki alkawarin adana su ba. Waya na ɓata, ana rufe shafi, mai saƙo na goge shi don tsoro, gwamnati ma ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Saƙon murya da wani mai unguwa ya aika yana lissafa waɗanda aka sace a ƙauyensa shi ne takardar koken wannan zamani, kuma babu fayil ɗin Razdan da zai maƙale a ciki. A Afirka ta Kudu, masu yaƙi da wariyar launin fata sun kafa tasu ma'adanar, SAHA, a 1988 tun ana tsakiyar fafutuka, suka riƙa tattara fastoci da sanarwoyi da bayanan taro, sannan daga baya jam'iyyar ANC ta kai takardunta Jami'ar Fort Hare. Ƙungiyoyin ɗalibai da na mata da na 'yan kasuwa da na ci gaban garuruwa a Arewa za su iya yin irin wannan da ɗan abin da ke hannunsu: kowane sakatare mai barin gado ya miƙa bayanan taro da wasiƙu da kwafin saƙonnin ƙungiya ga wata cibiya da aka yi yarjejeniya da ita, Arewa House ko Gidan Mambayya ko ɗakin karatun jami'ar jiharsu, ita kuma cibiyar ta ba da rasidi, ta sa kayan cikin jadawalin da kowa zai iya dubawa.